Muryar da Na Ara wa Ƙanena

Ƙarar waya ce a cikin langa. Nan nake ɓoye ta, a saman kabad, kuma in an kira sai murfin ya yi ta rawa, kar-kar-kar. Da wannan ƙara aka fara, ita ce kuma ta kai ni gidan yari.

Kafin nan ni matar aure ce a Zongon Kotonu, ba ni da wani labari. Maigida yana fataucin shanu, yakan daɗe a arewa. Ina da 'ya ɗaya, Hafsatu. Na yi kolej, Faransancina yana fita sarai, shi ya sa maƙwabta ke kawo mini takardar asibiti in karanta musu. Ban taɓa ɗaukar allurar wani ba.

Ina da ƙane, Nasiru. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ranar da ya karɓo lisans ɗinsa, wato digirin jami'a, na soya kaji na raba wa layinmu kaf. Sai aka shiga neman aiki. Kullum zai goge riga, ya hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa ofisoshin unguwar Cadjèhoun, ya dawo da yamma ya kasa cin tuwo.

"Yaya, ko'ina tambaya ɗaya ce: a ina ka taɓa aiki? To in ba wanda ya ɗauke ni, a ina zan taɓa?"

Na ga yaron nan yana ramewa. Na ga ya daina zama cikin abokansa, don kada a ce masa "Ina labari?" Ni kaina na kasa gane wannan tsari, a ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a aji, sannan a ce sai ya zo da abin da aji ba ya bayarwa.

Wata rana ya zo da ƙaramar waya. Ya ce ya rubuta a takardunsa cewa ya yi aiki a wani kamfani a unguwar Agontinkon. Kamfanin babu shi. In masu ɗaukar aiki sun kira don su tabbatar, ni zan amsa, in ce ni ce Madam Odile, sakatariya.

Na ce, "Nasiru, ƙarya ce fa."

Ya ce, "Yaya, aikin na iya shi. Ƙofa kawai za ki buɗe mini. Sau ɗaya."

Ya karɓi katin shaidata ya yi wa layin rajista, wai nasa ya ɓata. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da langa ta yi ƙara, ina tsane shinkafa. Na goge hannu a zane, na gyara murya, na yabi ƙanena kamar na shekara ina ganinsa a ofis. Aka ɗauke shi aiki. Na yi sujadar godiya, Allah Ya yafe mini, a kan abin da na samu da ƙarya.

Sau ɗayan nan bai tsaya ba. Ya kawo sunan abokinsa in yi masa shaida shi ma, maraya ne, Yaya ki taimaka. Ya kawo na wata yarinya. Na riƙa ce wa kaina lada nake nema. Daga baya ya ce ni ce zan riƙa kira, in gaya wa masu neman aiki cewa kamfaninmu ya karɓe su, su ga wakilinmu don a kammala. Ban tambayi me wakilin ke karɓa ba. Amma da na ga Nasiru da sabon babur, zuciyata ta gaya mini. Na ƙi saurarenta. Laifina ke nan, ba zan ɗora wa kowa ba.

Wata yarinya daga unguwar Vêdoko, wadda uwarta ta sayar da keken ɗinkinta don a biya wakili, ta gaji da jira ta tafi neman kamfanin da ƙafarta. Ta tarar da shagon aski. Daga nan ta wuce wurin 'yan sanda.

Sun zo ina wa Hafsatu kitso. Suka kira lambar, langa ta amsa musu daga saman kabad.

A ofishinsu aka kawo Nasiru, cikin rigar da ni na saya masa. Raina ya ɗan kwanta, na ce ga wanda zai yi bayani. Aka tambaye shi ko ya san wayar. Ya ce, "Ta yayata ce. Ku duba, da sunanta layin yake. Ni ma na sha yi mata faɗa."

Na ce, "Nasiru, dube ni."

Bai dube ni ba. Wakilin, abokinsa ne, ya riga ya tsere. Waɗanda aka cuta ba su san fuskar kowa ba sai tasa, ba su san muryar kowa ba sai tawa. Aka sallami ƙanena, aka ɗaure ni.

Ba zan ba ku labarin ciki ba. Abin da ya fi cin raina shi ne ranar ziyara. Maigida yakan zo, ya ajiye abinci. Nakan leƙa bayansa ko zan ga wani. Har na fito, wanda na goya bai taka wurin ba, ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Na je Vêdoko na durƙusa gaban uwar yarinyar nan. Ta ce ta bar ni da Allah. Ban ga laifinta ba.

Ku 'yan makaranta da kuka gama kuna zaune, na san zafin da kuke ji, na gan shi a tsakar gidana. Ku je ku koyi aikin ko a ƙaramin shago ne, ko ba a biya ku da yawa ba, ku samu mutum na gaske da zai tsaya muku shaida. Ku kuma yayye da iyaye mata, kada tausayi ya sa ku ara wa kowa sunanku ko muryarku, ko da ciki ɗaya kuka fito.

Kwanan baya wayar maigida ta yi ƙara a kan tabarma, yana alwala, ya ce in ɗauka. Na miƙa hannu ke nan Hafsatu ta rugo ta riƙe mini zane, idonta ya cika da hawaye.

"Umma, kar ki ce musu ke ce Madam Odile. Ki ce ke ce mamana."