Sabon Madigadin Habu

Jama'a, yau ƙarfen mota ya kusa cinye mana rai biyu!

Jikata Hauwa naƙuda ta kama. Babanta Habu, ɗana, ya kwaso mu daga Guri a tsohuwar jif ɗinsa, sai asibitin Haɗeja. Jiya ya sa sabon madigadi, ƙarfen nan na saman taya, ashe ya matse. Muna tafe, muna tafe, muka faɗa fadama. Laka ta cushe tsakani, taya ta ƙi juyawa! Hauwa sai salati.

Na ce, "Habu, cire shi!"

Ya ce, "Inna, walda ce fa!"

Wani masunci ya sassare shi da gatari, aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin taya. Muka fita!

A ƙofar asibiti ta sauka. Mace, alhamdu lillahi! Habu bai ko tambayi ƙarfensa ba.