Juma'ar da na hana a yi wa tela dariya

Ko zan manta da komai na zamana a Jidda, ba zan manta da wata Juma'a a shagon wani tela a Bab Makka ba. Shiru kawai muka yi wa mutumin nan, kuma ni na sa aka yi shirun.

A lokacin ina tuƙa wani Bature ɗan Ingila, manajan wani sito a Khumra. Hanya da nisa, shi kuma ga surutu. Wata rana ya ba ni labarin wata ƙungiyar 'yan barkwanci ta ƙasarsu, wadda ya ce ita ta sauya yadda ake ban dariya a can. Tun suna ɗalibai a jami'a suke wasan kwaikwayo. Da suka gama, sai suka yi shekaru suna rubuta wa wasu abin da za su yi a rediyo da talabijin, kafin su haɗu su kafa tasu. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda suke aiki. Kowa ya rubuto nasa, a zauna, ya karanta. In an yi dariya a ɗauka, in an yi shiru a ajiye, ba kara, ba sanayya.

Ni kuwa a shekarun nan kaina rawa yake yi. Muna da 'yar ƙungiya, mu biyar, muna ba mutane dariya a bukukuwan 'yan'uwanmu Hausawa a Ammariyya. Telan nan ne ya tara mu. Ya girme mu duka, Yaya muke ce masa, kuma a ɗakinsa na sauka lokacin da na fara zuwa garin. Aikin umara ya zo yi ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Bai taɓa rubuta wasa ba. Shigowa fili kawai zai yi yana kwaikwayon alhajin ƙauye da ya fara hawa matakalar lantarki, sai ka ga dattawa suna share hawaye da bakin rawani.

Na zo musu da dokar Turawa ina hura hanci. Ɗaya daga cikinmu, haifaffen Jidda, ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, lesh, don me? Abu yana tafiya lafiya, me ya kawo takarda?" Yaya ne ya tare mini. Ya ce, "Ku bar shi, ƙila ci gaba ne ya zo mana."

Juma'ar da ta zagayo, bayan la'asar, muka taru a shagonsa. Kowa ya karanta nasa, aka ɗan dara. Da aka zo kansa, sai ya ciro littafin da yake rubuta awon kaya. Ashe mako guda ya yi yana fama, ya cika shafi uku da ajami. Ya ɗora yatsa a kan layi ya fara karantawa, yana tsayawa, yana komawa baya. Ba tafiyar nan, ba fuskar nan, sai dattijo a zaune yana gumi. Wani a cikinmu ya fara dariyar kara, irin wadda ake yi wa babba don kada ya ji kunya. Na watsa masa harara, ya haɗiye ta. Har Yaya ya kai ƙarshe ba abin da ake ji sai cinikin masu yadi a waje.

Na ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, ba ta ci ba. A ajiye."

Ya dube ni. Sannan ya rufe littafin ya ce, "To, ƙanena, tunda haka Turawa suke yi." Ya tashi ya zuba mana shayi da hannunsa. Daga ranar bai sake zama da mu ba. In mun je sai ya ce ɗinki ya yi masa yawa.

Bikin farko da muka yi ba shi, mutane suka yi tsit, wani dattijo ma ya ɗaga murya yana tambayar ina telan. Na kai wa Baturen ƙorafi, wai dokarsu ba ta aiki a wurinmu. Da ya ji abin da ya faru sai ya girgiza kai. Ya ce rabin labarin na ɗauka. Waɗancan sa'o'in juna ne, kuma rubutu ne sana'arsu tun fil azal. Har ma akwai ɗaya a cikinsu da zane ne gwanintarsa, suka bar shi da abin da ya iya.

Na san ya kamata in je in ba Yaya haƙuri. Girman kai ya sa na yi ta cewa gobe. Ranar da na je, shagon a rufe yake. Maƙwabcinsa ya ce an yi kamen marasa iƙama, an mayar da shi gida Najeriya.

Sai bayan shekaru na sami lambarsa. Muryarsa ta tsufa. Na fara roƙon gafara, ya katse ni. "Ban riƙe ka ba, ƙanena. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da ka ce in miƙe in yi maka ita a tsaye, wallahi da ka yi dariya." Kuka na yi a wayar nan, ba kunya. Ba a cika shekara ba aka aiko mini da rasuwarsa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ari tsarin wasu mutane, ka fara duba wanda za ka ɗora wa. Kuma in ka san ka ɓata wa mutum, ka je masa yau, tun yana inda ƙafarka za ta kai.