Farantin da Almu Bai Wanke Ba

Duk mai shirin rushe tsohon soro a Ƙofar Guga ya san zai ga Malam Almu, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Tsohon magini ne, ya ba saba'in baya. Ba ruwansa da azara ko ƙyaure. Farantin nan da maginan dauri suke mannawa a tsakiyar rufin soro don ado, shi kaɗai yake kawo shi.

Yawanci tangaran ɗin Ingila ne na zamanin kantunan Turawa, yumɓu gasasshe da aka lulluɓe da fari mai sheƙi, aka zana furanni da shuɗi. Ga kyau, ga rashin ƙwari. Lebura ya kai masa diga sau ɗaya, sai dai a kwashe da tsintsiya. Almu kuwa ruwa yake yayyafa wa ƙasar da buta, ya jira ta jiƙu, ya riƙa ƙwaƙulewa da yatsa. Ashirin da uku ya ceto haka, ya wanke su tas, ya jera a ɗakinsa. Maƙwabta na tsokanarsa wai ya fi amarya jere. Ko a jikinsa.

Bara magada suka sayar da gidan Alhaji Sammani, za a yi shaguna. Soron gidan shi kaɗai ya rage cikin gine-ginen da mahaifin Almu ya yi, sauran duk siminti ya cinye. Ranar rushewa, katafila za ta iso bayan azahar, ga shi hannun Almu ya fara rawa, ko shayi sai ya zubar.

'Yarsa Nafisa, malamar makaranta, ta riƙe tsani tana faɗa.

"Baba, don Allah ka sabko! In ka hwaɗo, mi za mu ce ma mutane?"

"Ki ce masu magini ya hwaɗo bakin aikinai. Miƙo buta."

Awa uku yana sama, taɓo na ɗiga masa a gemu. Ana kiran salla farantin ya saki, ko tsagewa babu. Da ya sauko ya juya shi, sai ga busasshiyar ƙasa maƙale a bayansa, da shatin yatsu huɗu, ɗaya guntu. Gatari ne ya guntule wa mahaifinsa wannan yatsan.

Almu ya ɗora yatsunsa a cikin shatin. Kewar tsohon ta taso masa, har ya yi hawaye a gaban leburori, bai ji kunya ba.

A gida Nafisa ta kawo ruwa da soso, ya ce ta mayar. Har yau in ka shiga ɗakin, ashirin da uku suna nuna furanninsu, ɗaya kuma bayansa ya juyo wa mutane.