Ƙuli-ƙulin da na ba ɓeraye

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da ɗakin ɓerayen bincike na jami'a a Samaru. Kullum daga Muchia nake hawo keke, in share keji, in zuba abinci, in canza ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san halin 'yan boko: in aiki ya yi kyau nasu ne, in ya lalace na mai shara ne.

Wata shekara wata dakta ta zo da kwalabe biyu, mai jan murfi da mai shuɗi. Ta ce ɗaya sinadarin girma ne, ɗaya ruwan gishiri. Na ce, "Wanne ne wanne, Dakta?" Ta ce, "Baba, kai dai riƙe min ɓeran in yi allura."

Nan na sha jinin jikina. Makullin firijin da ake ajiye kwalaben a hannuna yake. Na ce wato tsoro take kada in ɗiba in kai wa masu kiwon kaji a Sabon Gari.

Bayan sati uku wasu ɓerayen suka miƙe, suka yi tsawo. Amma shida da ke kejin lungu ba su ƙaru ko kaɗan ba, ga shi kullum ana musu allura. In ta auna su sai ta rubuta. Ni kuma in ce shi ke nan, sunana take rubutawa, za a ce na sace maganin na zuba ruwa. Mai iyali ne ni, ina zan je in aka kore ni da sunan ɓarawo?

Sai na fara zuwa da ƙuli-ƙuli a aljihu, ina marmasa musu in ba kowa. Suka yi ƙiba kamar ƙwallo, tsawo kuwa babu.

Ranar wata Laraba ta tsinci ɓarɓashi a kejin, ta shinshina.

"Baba, me kake ba su?"

Ban iya ƙarya ba, na faɗa mata duka. Ta dafe kai.

"Waɗannan ai dama ba za su girma ba. Sinadarin nan saƙo ne, sai ya ƙwanƙwasa wata ƙofa a hanta, hanta ta aika wa ƙashi cewa ya miƙe. Su an haife su ba ƙofar. Abin da nake son nunawa ke nan."

"To me ya sa kika ɓoye min kwalabar?"

"Ni ma ban san wacce ce ba. Takardar da ta bambance su tana wurin ogana, don kada son zuciya ya shiga awo."

Aikin wata biyu ya tashi a banza, ƙuli-ƙulina ya ɓata awon. Ba a kore ni ba, kuma ba wanda ya ce min ɓarawo. Amma an karɓe makullin, aka mayar da ni wankin kwalabe. Ta ce ita ta roƙa a bar ni. Wataƙila. Ni dai ban ga lokacin da ta yi roƙon ba.