Kiɗan da Autanmu Bai Ji Ba

Mu biyar ne a ɗakinmu, ni ce babba, shi ne auta. Ni na goye shi kafin aure ya kai ni Maiyama, inda nake koyarwa har yau. Shi kuma ya tashi a Katanga tsakanin Inna da yayyensa maza, duk manoman albasa. Shi kaɗai ne a cikinsu ya yi nisa da boko, har ya shiga jami'a a Aliero. Lissafi aka tura shi ya karanto.

A gidan da ya kama haya, maƙwabcin ɗakinsa wani saurayi ne Kirista, ɗan wata ma'aikaciyar jinya da aiki ya kawo ta ƙasarmu. Shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. A wurinsa autanmu ya fara ganin yadda ake haɗa kiɗa da kwamfuta, ba ganga ba kalangu, sai layuka masu launi suna tafiya a kan allo. Abokin nan waƙoƙi masu daɗin kunne yake yi. Autanmu kuwa ya ɗauki wata hanya tasa. Sai ya riƙa yawo da waya yana naɗar ƙarar abubuwa: injin ban-ruwa a fadama, tirela tana haki da lodin albasa, luguden mata. Ya taɓa wuni a ƙauyen Jiga Makera bakin wata maƙera yana naɗar guduma da zuga-zugi, har maƙerin ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Wata Juma'a ya zo mini Maiyama da kwamfutarsa a jakar baya. Ko ruwa bai gama sha ba ya ɗora mini hedifon a kunne. Na ji wani gurnani mai nauyi kamar hadari yana tasowa daga nesa, sai ƙarfe ya fara bugawa a hankali, kowane bugu yana jan jela mai tsawo. Na yi ta jiran mai waƙa ya shigo. Har abin ya ƙare bai shigo ba.

"Yaya, mi kinka ji?" in ji shi.

"Auta, ina waƙar?"

"Babu waƙa. Shi ke nan duka."

Na ce masa ya yi kyau, ya kuma gane ban fahimta ba. Ya yi dariya ya naɗe wayoyinsa. Inna ba ta yi masa wannan karar ba. Da ya jiyar da ita, ta cire abin daga kunnenta ta ce, "Wanga ai injin niƙa na, ba kiɗi ba. Shi anka aike ka ka koyo?"

Da ya gama karatu bai nemi aikin gwamnati ba. Ya kama wani ɗan shago a Jega, bayan layin masu gyaran babur, ya liƙe bangonsa da katifu da kwalayen ƙwai, ya ce situdiyo ne. Abin da ke ciyar da shi a nan waƙoƙin biki ne, na amarya da ango, da na 'yan takara idan kakar zaɓe ta kama. Ya iya su sosai, amma ba ya son su. Mawaƙan ma ba duka ke jure masa ba. Na taɓa iske shi da wani suna sa-in-sa, wai ya cusa masa kukan jaki a ƙarƙashin amshi. Autanmu ya rantse cewa ya ja kukan ya sassauta shi har ya koma kamar sarewa, ba mai ganewa. Mawaƙin ya ce shi dai ya gane, kuma ba za a kai jaki bikin ƙanwarsa ba.

Nasa kiɗan yana sa shi a intanet. A Jega ba mai tura shi a waya, ba mai sa shi a shagon shayi. Amma can wasu ƙasashe aka samu mutane ƙalilan da suka ji, suka rubuto masa. Daga baya wasu suka fitar da kiɗansa a faifai, suka aiko masa da guda, ya rasa na'urar da zai saurare shi a duk garin, sai ya jingine shi a bango. Sun kuma gayyace shi wani taron masu irin wannan kiɗan. Ya ɗinka sabuwar shadda, ya tafi Abuja neman biza, aka hana shi. Ya dawo bai yi maganar ba sai da na tambaya. Ya ce, "Wani jiƙon, Yaya." Ya koma shagonsa.

A bazarar da ta biyo baya, lokacin da zafi ke hana mutum zama ko a inuwa, sanƙarau ya shigo garuruwanmu. Autanmu ya fara da ciwon kai da zazzaɓi, ya ɗauka na sauro ne, ya sha magani ya ci gaba da aiki. Mai gyaran babur na kusa da shi ne ya tura ƙofa ya same shi kwance, wuya ya sanƙare, ba ya gane mutane. Da aka kira ni na bar aji na hau mota.

Ya daɗe a asibiti. Ni da Inna muka yi jinyarsa, tana bakin gado da carbi, ni ina zirga-zirgar magani. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ranar da ya farfaɗo sosai, Inna ta sunkuya tana ce masa sannu, tana kiran sa. Ya zuba wa bakinta ido. Sai ya ɗaga hannu ya buga ƙarfen gadon da zobensa, ya sake bugawa da ƙarfi, ya juyo ya dube ni.

"Yaya," ya ce, da wata murya mai ƙarfi wadda ba tasa ba, "ku yi magana mana."

Muna ta magana kuwa.

Likita ya ce ciwon kan tafi da ji, wani ya dawo, wani ba ya dawowa. Mun kai shi Birnin Kebbi, mun kai shi Sakkwato. Kunnen dama ya mutu ɗungum. Na hagu yana ɗan kama abu mai nauyi, kamar tsawa ko wucewar babbar mota, ban da wannan sai wani ƙugi da ya ce ba ya barin sa ko cikin salla.

Duk da haka ya koma shago. Mawaƙan biki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba su da laifi. Shi kuma ya ce ai kiɗan yana ganin sa a allo, ya san siffar kowane sauti. Yakan cire takalmi ya taka sifika, ko ya ɗora tafin hannu a kanta, ya ji bugun a jikinsa. Damina guda ya yi yana aiki a kan abu ɗaya. Da ya gama ya turo mini saƙo in zo.

Na same shi ya share shagon, ya ajiye mini kujera a tsakiya. Ya ce ni zan zama kunnensa, in faɗa masa gaskiya. Ya kunna.

Ƙasan kiɗan yana da kyau, ko ni na san haka. Wani bugu ne mai taushi, kamar zuciyar mutum mai barci. Amma a samansa akwai wata ƙara siririya mai tsini, ba ta hawa ba ta sauka, tana soke kunne har haƙorana suka fara tsami. Na daure iya daurewa, hannuna ya kai kunnena ban sani ba. Yana kallona. Ya tsayar.

Na ɗauki waya na rubuta masa abin da na ji. Ya karanta, ya juya ga allon, ya yi ta bincike har ya gano ta, wani ɗan siririn zare can sama. Ya ce wayar makirfo ce ta lalace, tun farkon aikin take zuba wannan ƙarar a cikin duk abin da ya naɗa. Na rubuta, "Ba a iya cirewa?"

"A wanga ana iyawa," in ji shi. "Na gaba hwa? Kullum sai in kira ki daga Maiyama?"

Na rubuta cewa zan zo. Ya karanta ya miƙo mini wayar. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Ya bar ni na gama, sannan ya rufe kwamfutar ya raka ni tasha.

Bayan sallar layya ya kwashe kayan. Abokinsa mai fiyano, wanda yanzu ke koyarwa a wata sakandare, ya zo da mota ya ɗauki sifikun da makirfo. Ya so ya saya, autanmu ya ƙi, ya ce a kai coci a yi amfani da su, ya fi su ruɓe. Shagon yanzu wani ke cajin waya a ciki.

Yana Katanga tare da yayyensa. Ya koyi karanta leɓe, na Inna ya fi ganewa, don ita ba ta sauri. Mutane sun daina ɗaga masa murya, sun koma taɓa kafaɗarsa. Zuwana na ƙarshe na same shi a rumbun albasa yana tsince waɗanda suka fara ruɓa, yana jefa su gefe. Na zauna na taya shi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, har yanzu sababbin kaɗe-kaɗe suna zo masa a ka, cikakku, tun daga farko har ƙarshe, yawanci da hantsi idan yana ban-ruwa. Na taɓa shi don ya dubi bakina, na tambaye shi me yake yi da su.

"Ina saurare," ya ce, "har su wuce."

Ya jawo wani buhun ya kwance bakinsa.