Gaisuwar Alhaji a gaban magajin gari

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyinku, ku ara mini kunnuwa. Wannan babu gizo a cikinta, babu ƙoƙi. Da idona na gani, a wani gari da ke jingine da Lyon ta gabas, inda na zauna wurin ɗiyata bayan rasuwar mahaifinta.

Gidan da muke ciki dogo ne, in kin tsaya a gindinsa kin ɗaga kai sai ɗankwalinki ya zame. Mu muna tsakiya. Can ƙololuwa, a hawan ƙarshe, akwai Alhaji da matarsa Hajiya. Shi ya ƙarar da ƙarfinsa a wata masana'anta ta Saint-Fons, ya ajiye aiki da tari a ƙirji. Ita Bagobira ce ta Tibiri, ni Bakatsiniyar Maraɗi, don haka ranar da muka fara haɗuwa a bakin ƙofa muka zagi juna, muka zama aminai. Duk ranar kasuwa tare muke sauka cikin asansar, ɗan ɗakin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane. Mu je mu taɓa kuɓewar da ba za mu saya ba, mu raina ta, mu dawo.

Sai asansar ta mutu. Da can takan mutu ta farfaɗo. Wannan karon masu gidan suka manna takarda a ƙofarta, takardar ta yi ja, ta yage, ba a ga mai gyara ba. Hajiya kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙi. Tun daga ranar ba ta sake saukowa ba.

Ni ke hawa wurinta, ina hutawa a kowane lungu, da kwanon fura a hannu. In na shiga ina haki sai ta ce, "Baiwata ta iso."

In ce, "Na zo in ga ko kin mutu in gaji tukwanenki."

Ta ce, "Tukwanen Gobir sun fi ƙarfin Bakatsiniya. Zauna kar ki faɗi mini a ɗaki."

Kujerarta na bakin taga. Daga nan take kallon mutane ƙanana kamar tururuwa. Wata rana ta bar wasa, ta ce, "Ba kasuwar nake marmari ba. Ƙasa nake so in taka. In sa ƙafata a kanta kawai, in tsaya."

Ɗiyata ta yi karatu mai zurfi, tana aikin bincike a Lyon, ita ke kawo mana labarin gari. Ta ce manyan garin za su tafi Paris neman kuɗi wurin gwamnati, kuma za su roƙi 'yan majalisa wasu dokoki. Ba a roƙon komai da komai, sai an zaɓa, an sa wani gaba an bar wani baya. Kafin su tafi za su tara mutanen unguwanni, kowane gida ya faɗi abin da ya fi damun sa. Ita abu biyu take so a sa gaba: kuɗin gyaran asansar, da dokar da za ta tilasta wa masu dogayen gidaje su gyara da wuri.

Mutanenmu na gidan suka taru a ɗakin Alhaji don a zaɓi mai magana. Ɗiyata ta ce za ta yi, faransanci a bakinta kamar ruwa. Maza suka dubi juna. Ga dattijo zaune da farin gemu, kuma matarsa ce abin ya fi shafa, ina za a tura yarinya gaban magajin gari? Aka ce Alhaji. Haka muka gada, kuma har yau ban ce mun yi rashin daidai ba.

Ɗiyata ta durƙusa ta ce, "Baba, lokaci kaɗan suke ba kowa, bai kai a dafa shayi ba. Kana riƙe mikiro, abin maganar nan, ka ce asansar."

Alhaji ya yi dariya har tarinsa ya tashi. Ya ce, "'Yar nan, ni za ki koya wa shiga gaban manya? Mutum ya kira ka gidansa, ka tashi ka jefe shi da buƙata ba ko sannu?"

Ranar taron Hajiya da kanta ta turara masa babbar riga, fara, mai aiki har ciki. Ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala, ina bayansa ina ɗaga masa gefen rigar kar ta sha ƙasa.

Zauren ya cika. Magajin gari na zaune a tebur, gefensa wata madam da agogo a gabanta. Wani saurayi ya tashi, ba gaisuwa, ya ce filin ƙwallo. Wani mai kanti ya nuna magajin gari da yatsa ya ce jirgin cikin gari, tiram, a kawo shi unguwarsu. Wata mace ta buga tebur ta ce wurin ninƙaya. Kunya ta kama ni a madadinsu. Na ce a raina, bari su ga yadda ake yi.

Alhaji ya miƙe, ya gyara hannuwan rigarsa. Faransancinsa na masana'anta ne, amma ya isa, ɗiyata tana fassara mini a kunne. Ya gai da magajin gari. Ya tambayi iyalinsa, ya tambayi gajiyar aiki, ya tambayi yadda ya ji da sanyin bana. Ya juya ya gai da madam mai agogo da nata iyalin. Ya gai da na dama, ya gai da na hagu. Ya gode da aka tuna da talakawa aka kira su. Ya yi addu'a Allah ya kai su Paris lafiya, ya sa a karɓe su da mutunci. Na shekara da yawa a duniya, ban ji gaisuwar da ta kai wannan kyau ba. Ɗiyata tana matse mini hannu har na ji zafi.

Ya ja numfashi zai shiga maganar, sai madam ta ɗaga hannu ta ce, "Merci, monsieur." Wani ya zo ya karɓe mikiro. Zaure ya ɗau tafi. Magajin gari ya dafa ƙirjinsa, ya ce maganar ta taɓa masa zuciya.

Alhaji bai zauna ba. A wurinmu, in ka gama gaisuwa babba ne ke cewa, to, me ke tafe da kai? Ya tsaya yana jira a tambaye shi. Tsaye yake cikin farar rigarsa, aka kira na gaba, na gaba ya fara magana a kan fitilun titi. Ɗiyata ta tashi tana cewa asansar, asansar, aka ce gidanmu ya riga ya yi magana, in da ƙari ta rubuto.

A hanyar komawa Alhaji ya ce, "Ya gane. Babba ya san ba a saukowa daga can sama da babbar riga don gaisuwa kawai. Zai aiko." Haka ya faɗa wa Hajiya. Ita kuwa ni ta duba. Na ce mata, "An yi masa tafi." Ta mai da fuskarta ga taga.

Manyan garin suka je Paris suka dawo da murna. Tiram suka sa gaba, sai wurin ninƙaya, sai rushe tsofaffin dogayen gidaje, namu a ciki. Maganar doka ko tashi ba ta yi ba. Masu gidan suka ce ba sa gyara abin da za a rushe. A 'yar jaridar da gari ke jefa wa kowa a akwati, sai ga hoton Alhaji cikin rigarsa, magajin gari na dafe da ƙirji. Ɗiyata ta ce a ƙasan hoton an rubuta cewa manya suna sauraron jama'a.

Ta ce mini, "Inna, ko da ni na yi magana, wataƙila sun riga sun yanke." Wataƙila. Ni abin da na sani shi ne, mutum ya ga dattijo tsaye a gabansa, bai tambaye shi me ya kawo shi ba.

Aka ce za a ba su Alhaji ɗaki a ƙasa, a wani gida, su yi haƙuri har layi ya zo kansu. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Hajiya ta daina zama bakin taga, ta daina kirana baiwarta. Wata safiya na hau da fura, na tarar Alhaji zaune a bakin ƙofa ba hula.

Masu ɗaukar gawa suka sauko da ita. Matakalar ƙunci gare ta, a kowane lungu sai sun karkata gawar sannan su wuce. Na riga su sauka, na tsaya a ƙasa ina jira. Na so su ajiye ta ko kaɗan ne. Daga hannu suka sa ta a mota.

Alhaji ya raka ta Tibiri bai dawo ba. An ce rigar ya ba wani limami, kuma ba ya zuwa taro kowane iri. An rushe gidan, mutanenmu suka watse, ba a san inda wasu suka faɗa ba. Magajin gari ya ci zaɓe ya ƙara gaba. Ɗiyata ta sami aiki a Paris, muka dawo nan Aubervilliers, gefen birnin, kusa da manyan rumbunan 'yan kasuwa. Yanzu in ta shiga ofis ba ta gai da kowa sai ta gama faɗin abin da ya kai ta, kuma ban hana ta ba. Na ce mata ko ɗakin ya kai akurki ƙanƙanta, in dai a ƙasa yake, na yarda. An gaya mini tiram na bi ta daidai inda gidan yake, yana da kyau, ba ya ƙara. Ban je na gani ba.

Tukwanen suna wurina. Alhaji ya ce ita ta ce a ba Bakatsiniya. Suna nan saman kabad, ban taɓa ɗora ko ɗaya a wuta ba.