Wadda Ke Cikin Hoton Aurena

Aji huɗu na yi a firamare, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Karatun bai kai ya ba ni kujerar ofis ba, amma ya isa ya sa na raina mutanen ƙauyenmu. Da shi na tafi Gagarawa Tasha ina dakon buhunan gyaɗa, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama.

A ɗakin akawun tashar, wani mutumin kudu, na ga abin da ya ɓata mini tunani. Hoton aurensa ne a bango: matar a zaune, shi a tsaye, hannunsa a kafaɗarta, kowa fuska a buɗe. Na ce wallahi nawa ma haka za a yi shi.

Wadda aka sa mini rana da ita 'yar wani ƙauye ce kusa da Ɗanzomo. Tana da wushirya, kuma in za ta yi dariya sai ta fara runtse ido ɗaya. Wannan fuskar nake so a takarda, ba wani abu ba.

Na je Gumel na samo mai hoto, irin mai akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya ce, "Akwatina da rana yake gani. Kuma a keke zan zo, ba zan yi magariba a daji ba."

Mu kuwa ba a kai amarya sai duhu ya yi. Saboda haka na wanke ƙafa na je wajen gwaggonta, wadda bikin ke hannunta, na durƙusa.

"Gwaggo, so nake a kawo ta da la'asar."

"Da rana, idon gari duk a kanta?"

"Zamani ne ya zo da haka, Gwaggo. Hoto za a ɗauka."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "To, ɗan makaranta. Za a kawo maka."

Ko gardama ba ta yi ba. Na dawo gida ina yaba wa kaina iya magana.

Babu abin da ban shirya ba. Na sa aka yaɓe katangar ƙofar gidanmu, na rataya sabon bargo a jikinta, na aro kujerar ƙarfe. Na nuna wa abokaina inda kowa zai tsaya, na ce wanda ya yi dariya ba ni ba shi. Awakin unguwa ma na sa an ɗaure su. Na aro takalmi mai matse ni, da agogon da ya daɗe da tsayawa. Babban abokina ya ce, "Kai fa ango ne, ɓuya ya kamata ka yi." Na ce masa ya riƙe ƙauyancinsa.

La'asar na yi, sai ga mata da guɗa, amarya a tsakiyarsu, a lulluɓe ruf da farin zane. Suka zaunar da ita a kujerar. Mai hoto ya cusa kai cikin ƙyallensa, ya fito. "A ɗan ɗaga mayafin."

Gwaggo ta ce, "A gaban maza? Ba a gidanmu ba."

Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Mai hoto yana ta duban rana. A ƙarshe na ce a ɗauka haka, ai dai ni na san wadda ke ciki. Na gyara tsayuwa, na turo hannu mai agogon gaba, ɗayan na ɗora a kafaɗarta kamar akawun tasha. Kafaɗar duk ƙashi. Na ce a raina, kukan rabuwa da gida ne ya ramar da ita. Matan suka kece da dariya, har wata ta zauna a ƙasa. Na ɗauka burge su na yi.

Mai hoto ya ce an gama. Sai amarya ta yi tari, ta ɗaga mayafi, ta tofar da tukar goro.

"Maigidana, ka ɗaga ni mana. Gwiwar nan ba ta tashi ita kaɗai."

Kakar matata ce.

Amaryar boko ke nan: a lulluɓe wata a fito da ita da guɗa, idon mutane ya bi ta, ta gaskiya kuma a bi da ita ta bayan gida in duhu ya yi. Tun ina yaro na san wannan. Na dai ɗauka ba za a yi wa mai aji huɗu ba.

Mai hoto ya naɗe ƙyallensa ya hau keke. Tsohuwar tana rirriƙe da rigata tana cewa ita ce uwargida, kowa ya shaida. Bayan magariba aka shigo da matata ta ƙofar baya, kamar yadda aka shigo da uwata.

Na sha ce wa matata mu je Gumel a ɗauke mu hoto. Sai ta runtse ido ɗaya ta ce, "Ai kana da hoton matarka. Ni matar aure ce, ba zan zauna wani ƙato ya leƙe ni ta akwati ba." Ana haka damina ta zo, goyo ya zo, wani goyon ya bi baya. A haihuwar autarmu ta rasu.

Hoton yana nan a ɗakina, ya yi ja. Ni na fito sarai, da agogona. Da autar ta fara wayo, ta taka buhu ta kai yatsa kan farin zanen ta ce, "Baba, Inna ce wannan?"

Na duba. A ƙasan zanen ƙafar tsohuwar ta leƙo, duk kaushi.

Na ce, "Ita ce. Kunya take ji."